Ba Kowane Mai Zaman Gida Ne Rago Ba

A Kakuri da Makera da Nasarawa, a kudancin garin Kaduna, har yanzu akwai dattawan da suka saba tashi da jiniyar masaƙa. An buɗe masaƙar KTL a 1957, aka rufe ta a 2002. UNTL kuma, wadda ta fi su girma duka, ta tsaya a 2007. Dubban magidanta suka koma gida, da yawansu kuwa 'yan'uwanmu ne da muke zama benci ɗaya da su ran Lahadi.

Rashin albashi ciwo ne, amma bakin mutane ya fi shi zafi. Da fari akan jajanta wa mutum. Bayan shekara guda sai a fara cewa zaman kashe wando yake yi, matarsa ce take ci da shi. A taron dangi ba a neman shawararsa. Ranar godiyar kaka, in ana kiran sunayen masu alkawari, sai ya sunkuyar da kai, wata Lahadin ma ya ƙi zuwa sujada. Har akwai masu jifansa da 2 Tasalonikawa 3:10, alhali Manzo Bulus yana magana ne a kan wanda ya ƙi aiki da gangan.

Abin da muke yawan mantawa shi ne lafiyar jiki. Wanda ya shekara 20 yana shaƙar ƙurar auduga a ɗakin kaɗi, ƙirjinsa yakan riƙe, numfashi ya riƙa yi masa wuya. Na ɗakin saƙa kuma, ƙarar injuna takan rage masa ji. In ka gan shi a zaune sai ka ce garau yake, amma ba zai iya dako ko kwaɓa siminti ba, ga shi kuwa irin ayyukan da suka rage ke nan.

Zaman kansa ma yana kawo cuta. Tunani ya hana barci, jini ya hau, wani ya koma ga burkutu. Wanda ya daina fita, ya daina magana, abinci ma ba ya ci, mukan ce ya karaya cikin bangaskiya. Sau da yawa ciwon damuwa ne, ana kuma maganinsa a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa.

Doka ta yi nata. Tun 2014 laifi ne a kori mutum daga aiki don yana ɗauke da ƙwayar HIV, ko da yake mai ɗan shago ba ya cewa don ciwo ya sallami yaronsa, sai ya ce kasuwa ce ta faɗi.

Mai tarin fuka ya fi shan wannan. Akan ware masa kofi da kwano, ubangidansa ya ce ya huta tukuna, daga nan ba a ƙara nemansa. Gaskiyar kuwa ita ce, bayan 'yan makonni da fara shan magani daidai, da wuya ya sa wa wani. Gwaji da maganin wata 6 kyauta ne a asibitocin gwamnati. Kuɗin motar zuwa karɓar maganin da abincin da za a sha shi da shi ne ba kyauta ba, a nan ne kuma marar aiki yakan yanke da zarar ya ji sauƙi, sai tarin ya dawo, wani lokaci har ya ƙi jin magani. Dattawan ekklesiya da zumuntar mata, wannan ɗan kuɗin bai fi ƙarfin asusun taimakonku ba.