Kafin Ka Sayi Amfilifaya, Saurari 'Yan Amshi

Mai shagon kayan sauti, a Gusau yake ko a Farm Centre ta Kano, hanyarsa ta jawo mai saye ɗaya ce. Zai murɗa bes har ƙarshe, ya saki waƙar zamani mai dukan ƙirji, gilashin kanta ya kama rawa, sannan ya nuna maka kwali inda aka rubuta wat 3,000 da manyan baƙaƙe. Mutumin da ya taso daga Bilbis ko Bungudu da kuɗinsa a aljihu sai ya ga ai magana ta ƙare. Sai ya isa gida ya sa Ɗanƙwairo, ya ji kotso ya zama gunji, muryoyin 'yan amshi sun cuɗe, ba ya iya tsintar kalma. A lokacin, komawa da kaya ya zama wata tafiyar da kuɗin motarta.

Mu fara da wat ɗin nan. Lambar da ake bugawa a kwali yawanci ita ce ake kira PMPO, kuma babu wata ƙa'ida da masu ƙera kaya suka yarda da ita wajen auna ta. Kowa rubuta abin da ya ga dama yake yi. Ma'aunin da za a kama shi ne RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore. Akwai hanyar gane gaskiya ba tare da injiniya ba: juya na'urar ka karanta 'yar takardar da ke manne a bayanta, inda aka rubuta wutar da take ci. In wat 60 take ja daga soket, ba yadda za a yi ta riƙa fitar da 3,000. Kuma ko wat ɗin na gaske ne, kunne ba ya lissafi irin na ɗan kasuwa. Ninka ƙarfi sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙara, sai an ninka shi kusan sau goma kafin mutum ya ji kamar ƙarar ta ninka. Ɗakin zama irin namu, wat 20 zuwa 50 na gaskiya a kowane ɓangare sun ishe shi har da saura.

Mu 'yan Zamfara muna da ma'aunin da ya fi na kwali. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da kotso ya yi kiɗinsa. Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya ta ƙasar Bungudu, da taushi. Daɗin waɗannan waƙoƙi yana cikin murya: jagora ya ja baiti, 'yan amshi su karɓe, wani ya yi ƙari, kotso kuma yana sauya amo yayin da makaɗi ke matsa tsirkiya yana saki. Duk wannan a tsakiyar zangon sauti yake zaune, inda maganar ɗan Adam take. Sifikar da aka ƙera don ta girgiza ƙofa nan ne take da rauni, domin bes ɗin da aka kumbura yana danne abin da ke samansa. Saboda haka ka je shago da waƙarka a memori, wadda ka haddace. Ka ce a mayar da bes da tirebul tsakiya, a rage ƙara zuwa yadda za ka ji ta a ɗakinka bayan isha'i. In kana rarrabe muryoyin amshi, kana jin saukar yatsa a kan fata, kayan sun ci jarrabawa. Mai sauraron karatun Alƙur'ani ko tafsiri ma gwajinsa ke nan, ya duba ko haruffa suna fita da makharijinsu.

A gidan da ake da yawa, ga tsofaffi ga yara ga maƙwabci katanga ɗaya, hedifon mai kyau ya fi manyan sifiku amfani, kuma kuɗin da zai sayi sifika mai matsakaicin kyau zai sayi hedifon na ƙwarai. Abin ya daɗe: Nathaniel Baldwin ya ƙera nasa a 1910 a jihar Utah ta Amurka ya sayar wa sojan ruwa, John Koss ya fito da na sitiriyo don jin kiɗa a 1958, sannan a 1968 kamfanin Sennheiser na Jamus ya kawo HD 414, na farko mai buɗaɗɗen baya. Wannan rabuwa ta buɗaɗɗen baya da rufaffe ita ce har yau mai saye zai fara yanke hukunci a kanta. Mai buɗaɗɗen baya yana barin iska ta ratsa, sauti ya yi faɗi, kunne kuma ba ya jiƙewa da gumi a watan Afrilu. Aibinsa shi ne na kusa da kai yana jin abin da kake ji, kai ma kana jin janaretan maƙwabci, ga ƙurar hunturu da ke samun ƙofar shiga. Mai rufaffen baya yana tare hayaniya, amma kunne yana dahuwa a ciki, kuma fatar roba da ke kan soson tana saɓulewa da wuri a zafinmu. Ka tambaya ko ana sauya soso da igiya. Wanda ba a sauya masa, ranar da igiya ta tsinke ranar ya mutu.

Sai batun om, ma'aunin turjiyar da hedifon ke yi wa wuta, kuma nan ne amsar ko kana buƙatar amfilifaya. Audio-Technica ATH-M50x om 38 ne, Sony MDR-7506 kuma 63. Waya ko kwamfuta za ta tuƙa su lafiya. Sennheiser HD 600 om 300 ne, in ka soka shi a waya zai yi magana ƙasa-ƙasa, ya rasa kuzari. Beyerdynamic DT 770 Pro kuwa ana yin sa iri uku, 32 da 80 da 250, kwalayen kusan kamarsu ɗaya, don haka a karanta kafin a biya. Mai om da yawa shi ke neman ɗan amfilifaya na hedifon. Masana suna da ƙa'ida: turjiyar mafitar amfilifaya kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ta hedifon, in ba haka ba bes zai yi sako-sako. A ganina, mai farawa ya sayi mai om kaɗan ya huta. Tun da Apple ya cire ramin hedifon daga iPhone 7 a 2016 wayoyi da dama suka bi sahu, amma 'yar igiyar USB-C mai kyau tana cike wannan gurbi da kuɗi kaɗan.

Wuta ma abin dubawa ce. Kayan an yi su ne don bolt 230, tamu kuwa hawa da sauka take yi, kuma ƙaramin janareta da inbata mai arha sukan sa sifika ta riƙa wani gurnani ko ba a kunna komai ba. Amfilifaya ajin D ya fi dacewa da mu: kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ci yana tafiya ga sifika, ba ya zafi sosai, kuma da yawansu suna aiki da batirin sola mai bolt 12 ko 24. Wanda ya nace sai babba mai nauyi, to ya haɗa da sitabilaiza.

Akwai abin da kuɗi ba ya gyarawa. Waƙar da aka kwafo daga tsohon kaset, aka mayar bidiyo, aka sake tatso ta, ta riga ta zube a hanya, kuma hedifon mai kyau tona asirinta zai yi. Ka nemi mai tura waƙoƙi ya ba ka fayil mafi nauyi da yake da shi, ka adana a memori. Waɗanda suka ga rufe layukan sadarwa a Zamfara a Satumbar 2021 sun san amfanin abin da ke hannu.

Sai lafiyar kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Ƙwayoyin ji da ƙara ta kashe a cikin kunne ba sa sake tsirowa. In ka cire hedifon ka ji kunnenka yana ƙugi, ko aka yi sallama a ƙofar ɗaki ba ka ji ba, ka rage ƙara, musamman in yaranka suna ara.