Tambayar Hukuma Daga Cikin Gida

'Yan'uwana mata, na Tambuwal da Kebbe, da na Dogon Daji da Jabo. Yau zancenmu a kan wata doka ne da ta ba kowane ɗan Najeriya, namiji ko mace, ikon tambayar ofishin gwamnati abin da ke cikin takardunsa. Sunanta Dokar 'Yancin Samun Bayanai. An daɗe ana jan ta a majalisa, Shugaba Obasanjo ya ƙi sa mata hannu a 2007, sai a watan Mayu na 2011 Shugaba Jonathan ya sa. A lokacin Aminu Waziri Tambuwal ne ke wakiltar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai.

Za ki ce, ni da ba na fita, ina ruwana? To, a ce rijiyar burtsatsen unguwarku ta lalace, yara na kwasar rana wajen neman ruwa, kina son sanin ko an ware kuɗin gyara da wanda aka ba aikin. Dokar ba ta ce sai kin je da ƙafarki ba. Wasiƙa ce za a rubuta da sunanki, maigida ko ɗanki ya kai sakatariyar ƙaramar hukuma. Wadda ba ta iya rubutu ba, an yarda wani ya nema a madadinta. Kuma ba dole ne ki faɗi dalilin tambayarki ba. Wannan wurin ya fi burge ni, domin mun saba da "ke wace ce?" tun daga bakin ƙofa.

Idan wasiƙa ta isa, kwana 7 ofishin ke da shi ya amsa. In takardun na da yawa, yana iya ƙara wasu kwana 7, amma sai ya sanar da ke. In bayanin yana hannun wani ofishi, shi zai tura wasiƙar can, ya gaya miki. Kuɗin da za a karɓa na kwafin takarda ne kawai. Akwai abin da aka yarda su riƙe, kamar sirrin tsaro da bayanan rashin lafiyar wani, don haka takardar asibitin maƙwabciyarki ba za ta zo hannunki ba. In sun hana, wajibi ne su rubuta dalili. Shiru kuwa, a wajen doka, hani ne, kuma kina da kwana 30 ki kai ƙara kotu. Tarar hana bayani ba bisa ƙa'ida ba naira 500,000 ce.

Gaskiya ofisoshi da yawa shirun suke yi. Shekara da shekaru jihohi na cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba, har a watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta yanke, a wata shari'a daga Jihar Edo, cewa ta shafi jihohi ma.

Don haka a yi wasiƙar kwafi biyu. Wanda kika aika ya tabbatar an buga hatimi da kwanan wata a kan naki, domin daga ranar ake fara ƙidaya. Tambayar kuma ta zama guda, a fili: wace rijiya, wace unguwa, wace shekara.