Gubar ƙarafa a kayan zanen yara: Abubuwan da ya kamata ka sani

Yaro ɗan nazare ba da hannu kaɗai yake zane ba. Yana tauna kan fensir, ya lashi burushi don ya daidaita bakinsa, ya goge majina da hannun da ya yi dumu-dumu da kala, sannan ya ɗauki biskit. Saboda haka duk abin da aka haɗa kalar da shi, akwai rabon cikinsa a ciki.

Me ya kai ƙarfe cikin kala?

Launuka da dama masu haske daga ma'adinai ake samo su. Dalma na ba da fari, idan aka haɗa ta da kuromiyom ta ba da ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido. Kadmiyom na ba da ja da ruwan lemo, kobal kuma shuɗi. Launukan nan ba sa saurin koɗewa, shi ya sa ƙwararrun masu zane ke amfani da wasunsu har gobe. Na dalma kuwa ga araha, abin da ke jan kamfanonin da ba sa tsoron Allah su zuba shi a kayan yara.

Baƙin da ke cikin fensir ba dalma ba ne, girafayit ne da yumɓu. Inda ake jin tsoro shi ne fentin da aka shafe jikin fensirin da shi, wanda yaro ke ɓantara da haƙori.

Me ya sa yara suka fi shiga haɗari?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro na zuƙe dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba ke zuƙa, kuma babu wani adadi da za a ce ba ya cutarwa. Yaron da ke fama da ƙarancin sinadarin ayon ko kalsiyom ya fi zuƙa, domin jikinsa na karɓar dalmar a madadinsu. Tana taruwa a ƙashi da haƙora tsawon shekaru, tana taɓa ƙwaƙwalwar da ke kan ginuwa. Kadmiyom kuwa ƙoda da ƙashi yake yi wa illa.

Mun ga mafi munin gubar dalma a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sanadiyyar ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a gidaje. Ta kayan zane ba ta zuwa da jijjiga da mutuwa irin haka. A hankali take shiga, a kan wadda yaron ya riga ya kwasa daga tsohon fentin bango ko kwallin da aka sa masa. Sai dai a ga ba ya riƙe karatu, ba ya natsuwa a aji, yana yawan ciwon ciki, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Ɓarnar da ta yi wa ƙwaƙwalwa kuma ba ta gyaruwa.

An taɓa kama irin waɗannan kaya?

Ƙwarai. A 1994 hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka ta sa aka janye kalolin kaki da aka shigo da su daga Sin, bayan an gano dalma a cikinsu. A 2007 kamfanin Mattel ya janye ɗimbin kayan wasan yara saboda fenti mai dalma. Bayan haka ne Amurka ta rage dalmar da aka yarda a samu a fentin kayan yara zuwa kashi 90 cikin miliyan.

Yaya za a gane mai kyau?

Ido ba ya ganewa, hanci ma haka, sai gwaji. Abin da ya rage wa mai saye shi ne karanta kwali. Tambarin AP na nufin masana guba sun duba kayan sun ga ba sa cutarwa. Tambarin CL gargaɗi ne, ba na ƙananan yara ba ne. Rubutun EN 71 na nuna an bi ƙa'idar Turai ta kayan wasan yara. Shi kuwa ASTM D-4236 cewa kawai yake an tantance kayan, an rubuta gargaɗin da ya dace, don haka a karanta gargaɗin. Kalar da aka zube a faranti a bakin makaranta, babu kwali babu sunan kamfani, a bar ta ko da kyauta ce.

Me iyaye da malamai za su yi?

Kada a hana yaro zane, domin yana buɗe masa basira. A dai raba shi da fentin manya, da ragowar fentin gini ko na mota, da garin kala mai tashi. Kada a shafa masa fentin takarda a fuska ranar bikin makaranta. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, a share teburi da jiƙaƙƙen tsumma. Idan ana zargin yaro ya jima yana cin irin waɗannan kaya, a kai shi asibiti a nemi gwajin dalma a jini. Makarantar da ke sayen kala kwali-kwali kuwa, haƙƙin iyaye ne su tambaye ta wace iri take saya, kuma daga ina.