Ƙwallo a Allon Sanarwar Coci a Ingila

Da zarar gasar cin kofin duniya ta ƙarato, sai allunan sanarwa na coci-coci da dama a Ingila su canza riga. Inda aka saba ganin lokutan sujada, sai ka tarar da hoton raga ko na alƙalin wasa riƙe da jan kati, da ɗan rubutu mai nuni ga Yesu Almasihu. Harshensu ma ya ba su dama, domin a Turanci kalmar ceton rai ita ce ake faɗa idan mai tsaron gida ya tare ƙwallo.

Babban dalili shi ne kujerun coci sun yi fili. A ƙidayar 2021, kashi 46.2 cikin ɗari na mutanen Ingila da Wales ne suka ce su Kirista ne, alhali a 2011 sun kai 59.3. Wanda ya daina shiga, a bakin titi kaɗai za a same shi, shi ma yana wucewa cikin bas.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, ƙwallon nan a gindin coci ta girma. Matasan cocin Methodist ne suka kafa Aston Villa a 1874 da Everton a 1878, Southampton kuma ta fito daga cocin St Mary a 1885, shi ya sa har gobe ake yi mata kirari da Waliyyai. Sai ga ɗa ya ƙwace wa uba ranar kasuwa. A 1974 aka fara wasannin lig ranar Lahadi, daga 1992 kuma tashar Sky ta mayar da ranar ta Firimiya. Yanzu uban ne ke aron bakin ɗansa.

To, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? Fostar kan sa murmushi, ta rage wa coci kamannin gidan tsofaffi. Amma wanda ya buɗe ƙofar raha ba shi ke rufe ta ba. Ana ba da labarin wani allo a Liverpool a shekarun 1960 da ya tambayi masu wucewa abin da za su yi in Almasihu ya zo garin. Wani ya rubuta a ƙasa cewa sai a sauya wa St John lamba, wato Ian St John, ɗan wasan gaban ƙungiyar Liverpool. A ganina fostar tana sa a kalli coci, amma ba ta sa a shiga.