Danjar da ke Jin Zuwan Mota

Lokacin da nake karatu a Ingila, na taɓa daɗewa a gaban jar danja da tsakar dare, babu kowa a mararrabar sai ni. Laifina ne, domin na tsaya nesa da farin layi. A ƙarƙashin kwaltar akwai zagayen waya mai jin ƙarfen mota. Muddin ba ka hau kansa ba, a wurin na'urar ba ka iso ba. Masu keke da ƙananan babura sun fi shan wannan wahala, saboda ƙarancin ƙarfensu.

Duk da haka na fifita ta a kan danja mai ƙidayar daƙiƙa, wadda ke tsayar da direba a kan titin da babu kowa, har ya saba da ƙetare ja.