Komawar Bani Isra'ila da Sunan Allah: Inda Masu Fassara Suka Rabu

Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke ranar 7 ga Oktoba, 2023, wata tsohuwar muhawara ta sake kunno kai a tsakanin Kiristocin Arewa: shin kafa ƙasar Isra'ila ranar 14 ga Mayu, 1948 cikar annabci ne, ko kuwa lamari ne na siyasar duniya? Ganin yadda batun ke ɗaga jijiyar wuya tsakanin maƙwabta, muka ga ya kamata mu koma tushensa.

Ayoyin da aka fi kafa hujja da su suna cikin Littafin Ezekiyel, sura ta 36. Ezekiyel firist ne da aka kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, shekaru kaɗan kafin a rushe Haikalin Urushalima. A surar an yi wa mutanensa alkawarin tattaro su daga cikin al'ummai, amma an jaddada cewa ba don cancantarsu ba ne, sai don tsarkake sunan Allah da halinsu ya zubar wa mutunci a idon duniya. Alkawarin kuma ya haɗa da tsarkakewa da sabuwar zuciya.

A nan ne masana suka rabu. Kashi na farko na ganin alkawarin ya cika sa'ad da Sarki Sairus na Farisa ya ba Yahudawa izinin komawa gida a shekara ta 538 kafin haihuwar Almasihu, sauran kuma ya cika ta wurin Almasihu da ikilisiya. Kashi na biyu na bin koyarwar John Nelson Darby ta ƙarni na 19, wadda Baibul mai sharhi na Scofield ya yaɗa daga 1909. Su suna ganin 1948 alama ce ta kusantowar ƙarshen zamani. Fadar Batikan kuwa ta bi hanyar diflomasiyya: ta ƙulla yarjejeniya da Isra'ila a 1993, ta kuma ƙulla wata da ƙasar Falasɗinu a 2015. Su ma shugabannin Kiristocin Falasɗinu, a takardarsu ta Kairos ta 2009, sun yi tir da amfani da nassi wajen halatta mamaya.

To, wane suna ake nufi? A Ibrananci haruffa huɗu ne, YHWH, waɗanda Yahudawa ba sa furtawa saboda girmamawa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, bayan aikin shekaru na Dakta Walter Miller, ɗan mishan ɗin Zariya, da abokan aikinsa. Mai karatun Hausa ya saba ganin Ubangiji da Allah, wato sunayen da Musulmi da Kirista ke kira kullum, daga Wusasa har birnin Zazzau.

Wannan ya sa lamarin ya shafe mu kai tsaye. Kowace fassara mutum ya ɗauka, surar da kanta ta ɗora nauyin a kan hali: mugun aikin masu ambaton sunan ne ke ɓata shi a idon na waje. Don haka muke kira ga masu wa'azi da malamai su riƙa karanta wa jama'a surar gaba ɗayanta, su bayyana cewa fassarar ba guda ba ce, kada rikicin Gabas ta Tsakiya ya zama sanadin gaba tsakanin masu cin kasuwa ɗaya. Allah Ya zaunar da mu lafiya.