Kafin Alat Ya Shigo: Aikin Akanta da Hanyar da Ɗalibin Adabka Zai Bi

Da zarar wata ya kai 25, malamin firamare a Adabka ba ya nisa da wayarsa. Ba shi kaɗai ke jira ba. Mai shagon da ya ba shi shinkafa da omo bashi yana jira, uwar adashi tana jira, ɗan POS ma ya tanadi tsabar kuɗi domin ya san layin da za a yi masa. A ƙananan hukumomin Bukkuyum da Gummi da Anka, inda rashin tsaro ya taɓa noma da kiwo da kasuwa, albashin gwamnati na cikin 'yan kuɗin da ake iya sa wa rana. Sai dai ba kowa cikin masu jiran alat ya san hannayen da lissafin ke bi kafin waya ta yi ƙara ba, kuma ɗaliban sakandaren yankin ba su cika jin ana ambatar wannan aiki cikin sana'o'in da mutum zai sa a gaba ba. Likita da lauya da soja su ne a bakin kowa.

Mai haɗa albashi yana farawa ne da jerin sunayen ma'aikata, kowa da giredinsa da matakinsa. Kowane wata jerin sai ya motsa: an ɗauki sabo, an yi wa wani ƙarin girma yana bin ariyas, wata ta koma wata ma'aikata, wani ya yi ritaya, wani Allah ya yi masa rasuwa. Bayan ya gyara wannan, sai ya shiga yanke-yanke: haraji, fansho, kuɗin ƙungiyar ƙwadago, bashin da ma'aikaci ya ci a ƙungiyar gama kai. Daga teburinsa baucha za ta wuce wurin odita na cikin gida, sannan ma'aji da sauran masu sa hannu, kafin a aika wa banki.

A ɗauki misali, don a ga abin ido da ido. A ce wani kamfani a Gusau yana biyan ma'aikaciyarsa naira 120,000 a wata, kuma duka kuɗin na cikin abin da ake lissafa wa fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, wato naira 9,600, kamfani kuma ya ɗora kashi 10 daga aljihunsa, wato 12,000. Naira 21,600 ke nan da dole su isa asusun fanshonta cikin kwanakin aiki bakwai da biyan albashi. Sai haraji. Albashinta na shekara 1,440,000 ne. Idan aka zare fanshon shekara, 115,200, saura 1,324,800. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta yafe naira 800,000 na farko. Ragowar 524,800 su ake cire wa kashi 15, abin ya kama 78,720 a shekara, ko 6,560 a wata. Idan babu sauƙin kuɗin haya ko wani yanka na daban, abin da zai faɗa asusunta shi ne 103,840. Harajin da aka cire kuwa ba na kamfani ba ne; amana ce da za a miƙa wa hukumar tara haraji ta jiha kafin 10 ga wata mai kamawa ta wuce.

Babu abin da ya fi ƙarfin ɗan aji uku na ƙaramar sakandare a wannan lissafi. Tarawa ce da ɗebewa da kaso cikin ɗari. Wahalar tana wajen sanin dokar da ke aiki yau, da maimaita lissafin ga mutum ɗari biyar ba tare da an ci haƙƙin ko ɗaya ba. Doka kuwa ba ta zama wuri guda. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, kuma kowane ƙari na nufin a sake jadawalin albashi tun daga giredi na ɗaya har sama. Wanda ya haddace tsohon tsarin haraji ya kwanta a kansa, yau kuskure zai riƙa yi.

Zamfara ta ga abin da ke faruwa idan jerin sunaye ya lalace. Tantance ma'aikatan da gwamnatin Dauda Lawal ta sa aka yi ta bankaɗo ma'aikatan bogi fiye da 2,000, har da ƙananan yara da sunayensu ke karɓar albashi. Yadda irin wannan ke samuwa ba ɓoyayye ba ne: mamaci ya ci gaba da karɓar kuɗi saboda ba a cire sunansa ba, wanda ya yi ritaya ya zauna a jeri biyu, ko a cusa sunan ɗan wani babba da bai taɓa taka ofis ba. Don toshe wannan ƙofa gwamnatin tarayya ta kawo tsarin biyan albashi na IPPIS a 2007, sannan lambar BVN da aka ɓullo da ita a 2014 ta sa mutum ɗaya ya kasa ɓuya a bayan asusu goma. Amma na'ura abin da aka ba ta take haɗiya. Idan babu ma'aikacin da zai ɗora jerin albashi a kan rajistar makaranta ko ta asibitin ƙauye ya ga sun yi daidai, sunan bogi zai shiga kwamfuta ya zauna daram. Kowane suna irin wannan kuma gurbin malami ne ko ungozoma da wani ƙauye bai samu ba.

Aikin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Sarautar Ma'aji ta girmi zuwan Turawa, kuma baitulmalin En'e, wanda ya kafu a masarautun Arewa tun farkon mulkin mallaka, shi ya yaye akawunan farko da suka riƙa rubuta haraji da jangali. Yaron da ya zauna a makarantar zaure ya san cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, kuma idan ya taɓa rabon gado ya riga ya yi gumi a kan sulusi da sumuni da sudusi. Abin da boko zai ƙara masa shi ne ƙa'idar da Luca Pacioli ya wallafa a Italiya a 1494, cewa kowane ciniki wuri biyu ake rubuta shi. Ɗan kasuwa ya sayi buhun gero goma: kuɗi sun fita daga wannan shafi, kaya sun shiga wancan. Ranar da shafukan suka ƙi daidaita, akwai abin da ya ɓace, kuma takarda za ta nuna inda za a fara nema.

To, ina ɗalibin Adabka zai kama? Ƙofar farko darasin lissafi ne, kuma a nan yawanci ake zubewa. Da wuya a samu jami'a ko kwalejin da za ta karɓi mai neman karatun akanta ba tare da kiredit biyar ba, cikinsu har da lissafi da Turanci, galibi kuma da tattalin arziki. A JAMB ma waɗannan ukun ne ginshiƙi, sai a ƙara darasi ɗaya irin su kasuwanci ko gwamnati. Yaro da yawa kan gudu zuwa ajin kasuwanci a SS1 da tunanin ya tsere wa lissafi, sai ya tarar da shi yana jiransa a bakin ƙofa. Ga makarantun karkara da rufewa da ƙaura suka cinye wa zangon karatu, wani wurin ma malamin lissafi ɗaya ne ga makaranta sukutum, gaskiyar magana ita ce wanda ya faɗi gara ya sake zama jarrabawar NECO ko WAEC ta masu zaman kansu da ya karɓi kwas ɗin da ba ya so don kawai a ce yana makaranta.

Wuraren karatu ba su yi nisa ba. Akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, akwai ta tarayya a Ƙauran Namoda, akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ga kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, wadda mutanen Gummi suka daɗe suna aika 'ya'yansu. Digiri shekara huɗu ne. Hanyar kwaleji kuwa ƙaramar difloma ce ta shekara biyu, shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan babbar difloma ta shekara biyu. Ana yawan raina wannan hanya, alhali ga ɗan talaka tana da wata fa'ida: bayan shekara biyu yana da takardar da zai nemi aikin akawu, ya ci gaba da karatu da guminsa. Tun 2024 kuma asusun NELFUND na ba ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa.

Digiri kaɗai bai mai da mutum ƙwararren akanta a idon doka. Wannan hurumin ƙungiyoyi biyu ne. ICAN, wadda doka ta kafa a 1965 kuma marigayi Akintola Williams ya fara shugabanta, jarrabawa take yi mataki-mataki, kuma ta yi suna wajen tsauri. ANAN, da aka kafa a 1979 ta samu amincewar doka a 1993, tana ɗaukar masu digiri ko babbar difloma ta tura su kwalejinta da ke Kwall kusa da Jos, sannan su yi horon aiki. Akantocin gwamnati a Arewa da dama ta nan suka bi. Akwai kuma wata ƙofa da ɗaliban karkara ba su cika jin labarinta ba, wato ATSWA. Mai kiredit biyar na sakandare zai iya shiga kai tsaye: darussa 12 ne a mataki uku, ana zama a Maris da Satumba, kuma wanda ya gama ana ɗauke masa wani ɓangare na babbar jarrabawar ICAN. Matashin da ke tsaron shago a Gummi zai iya yin ta da karatun dare, muddin zai iya kuɗin rajista da na mota zuwa cibiyar jarrabawa.

Sai kwamfuta. Zamanin akawu mai babbar leja da jan biro ya kusa shuɗewa, kuma mai ɗaukar aiki yau kafin ya tambayi makarantar da aka yi zai tambayi ko an iya Excel. Wanda ya iya shi da gaske, ya san yadda zai sa shafi ya lissafa haraji da kansa ko ya zaƙulo sunan da ya fito sau biyu, ba zai sha wuyar koyon Sage ko QuickBooks ko biyan kuɗi ta Remita ba. Wata uku a shagon koyon kwamfuta lokacin jiran sakamako ya fi wata uku a majalisar mai shayi. Amma mutumin Zamfara ba zai manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin jihar, mutane suka riƙa tsallaka iyaka don su ga alat ko su tura saƙo. Akantan yankin nan dole ya iya aiki da allo, ya kuma iya ajiye takarda.

Game da samun aiki, bai kamata a yaudari kowa ba. Kujerun sashen kuɗi a sakatariyar Bukkuyum ko Anka ƙidayayyu ne, masu nema kuma sun ninka su. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, zai ƙara wa baitulmalinsu nauyi idan aka aiwatar da shi sosai, amma ba abin da ɗalibi zai gina rayuwarsa a kai ba ne. Kasuwar da ta fi faɗi tana waje da gwamnati. Dillalin hatsi da ke loda motoci zuwa Sakkwato da Kano yana juya miliyoyi, lissafinsa kuma rabi a ka yake rabi a bayan kwalin sigari. Bai san ribarsa ta gaskiya ba sai ranar fitar da zakka ko ranar da magada suka zauna. Makarantun kuɗi, gidajen mai, kemis-kemis, ƙungiyoyin manoma masu neman rance, masu injin casar shinkafa, duk suna buƙatar mai riƙe musu littafi, kuma mutum ɗaya zai iya riƙe wa biyar. Ƙungiyoyin agaji ma, irin su MSF da ta shigo Anka da Bukkuyum sanadin gubar dalma ta 2010, ba sa kashe sisi ba rasit, don haka ba sa rabuwa da ma'aikatan kuɗi. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz da ya buɗe a 2012 da TAJ a 2019, sun buɗe wa wanda ya haɗa fiƙihun ciniki da boko wata hanya. 'Yan mata su lura da wannan musamman: riƙe littafin makaranta ko na ƙungiyar mata aiki ne da ake iya yi daga cikin gida, da kwamfuta ɗaya da waya.

Akwai ɓangaren da ba a koyarwa a aji. A gari irin Adabka kowa ɗan'uwan kowa ne, kuma ranar da aka ji wane yana sashen albashi, ranar za a fara sallama a ƙofar gidansu. Wannan yana so a sa sunan ɗansa, wancan yana so a bar sunan marigayi ya ƙara wata biyu saboda marayu, mai gida a ofis kuma yana so a sa hannu yanzu a kawo takardu daga baya. Na marayun ya fi wuyar ƙi, domin da tausayi yake zuwa. Amma sa hannun da ke kan baucha na akawu ne, kuma shi odita zai fara kira. Girman kujera ma ba kariya ba ne: a Mayun 2022 hukumar EFCC ta kama Babban Akanta na Tarayya na lokacin, Ahmed Idris, bisa zargin karkatar da biliyoyin naira, zargin da ya musanta a gaban kotu. Tsofaffin ma'aikata kan gaya wa sababbi su nemi kowane umarni a rubuce, su kuma ajiye kwafi.

Ɗalibin da ke SS2 yanzu ba sai ya jira takardar shiga jami'a ba. Littafin rubutu mai shafi 60 ya isa. Ya roƙi kawunsa mai shago ko yayarsa mai sayar da ƙuli da mai ya riƙe musu lissafin wata guda: abin da aka saro, abin da aka sayar, wanda ya ci bashi, abin da aka ɗiba aka yi cefane. Ƙarshen wata ya ƙirga kayan da suka rage, ya gwada da kuɗin da ke cikin akwati da na asusun banki. Da wuya su daidaita a karon farko, kuma neman inda naira 3,500 ta maƙale zai iya cin yini guda. Wanda ya ji yinin ya gundure shi ya samu amsarsa da wuri, tun bai kashe kuɗin fom ba. Wanda kuwa ya kasa tashi sai ya gano ta, ya riga ya yi irin gwajin da masu ɗaukar akawu ke ajiye wa mai neman aiki a kan tebur: takardar banki a dama, littafin kuɗi a hagu, a ce ya nuna dalilin da ya sa suka saɓa.